Tagullar Apu a Zauren Maestro

SHAFI NA 19

Masu cika min waya da ƙorafin na yi shiru, ku yi haƙuri, ruwan Manila ne ya shigo mana har tsakar ɗaki, sai da muka kwashe da bokiti. Masoyan Kuya Jomar kuma ku gyara zama, yau ba ranarku ba ce.

*

Tun daga matakala ta ji shi.

Norhata ta tsaya cak, ƙafa ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ruwan lemarta yana ɗiga a kan takalminta. Kiɗanta ne ke fitowa daga zauren gwaji. Ko daga barci aka tashe ta sai ta gane shi. Kusan shekara guda ke nan tana rainonsa, tun ranar da babbar ƙungiyar makaɗan nan ta zaɓe su su uku, matasa masu tsara kiɗa, ta ba su gurbin zama tare da ita. Asabar mai zuwa za a kaɗa aikin kowannensu a gaban jama'a.

An ce mata sai bayan azahar za a taɓa nata. Tsoron ambaliya ne kawai ya fito da ita da wuri.

Ga masu goge sun tashi a hankali, yadda ta rubuta. Ga sarewa ta shigo. Yanzu kuma wurin da kulintang zai amsa, kuge takwas ɗin nan na tagulla da ta ɗauko tun daga garinsu Cotabato da ke Kudu a jirgin ruwa, tana kwana a kan akwatinsu don kada a taɓa.

Fiyano ne ya amsa.

Tas-tas, sumul, kamar an goge gilashi.

Ba ta san lokacin da ta haye sauran matakalar ba. Ta banko ƙofar zauren har sai da ta bugi bango.

Kiɗa ya watse. Makaɗa saba'in suka juyo. Maestro Villaflor, jagoran ƙungiyar, yana tsaye a kan dandamalinsa, sanda a sama, farin gashinsa a kwance luf. Bai juyo gaba ɗaya ba, wuya kawai ya karkato.

"Iha," ya ce, wato 'yata, da muryar nan tasa ta uba mai lallashin 'yar cikinsa, "a gidan nan ana ƙwanƙwasa ƙofa."

"A gidanmu ma ana sallama kafin a taɓa kayan mutum, Maestro."

Wani daga can baya ya yi tari don ya ɓoye dariya. Mang Berting ne, tsohon da ke kan manyan tambura, wanda bakinsa ba ya ajiye magana.

Norhata ba ta kalli kowa ba. Fiyanon ta nufa. Mutumin da ke zaune a gabansa ya sunkuyar da kai, yatsunsa har yanzu suna kan farare da baƙaƙen haƙoran nan, kamar an manne su.

Jomar. Abokin gurbinta. Wanda suke cin shinkafa a ganyen ayaba ɗaya kullum da rana a bayan zaure.

"Ɗago ka kalle ni."

"Nor..."

"Wa ya mayar da layin kulintang kan fiyano?"

"Nor, ki bari mu fita waje mu yi magana."

"A waje aka yanka ni? A nan aka yi, a nan za a faɗa. Wa ya rubuta?"

Ya ƙara sunkuyar da kai.

"Ni ne."

"Yaushe?"

"Tun makon jiya."

Makon jiya. Ta ɗan yi murmushin da ya fi kuka ciwo. Makon jiya ta raka shi asibiti duba mahaifiyarsa, ta riƙe masa jaka yana kuka a baranda.

"Don ke na yi," ya ce da sauri. "Na rantse don ke. Maestro ya ce in ba a gyara ba cire kiɗan za a yi gaba ɗaya. Na ga gara a ji rabinsa da a rasa duka."

"Allah sarki, mai tausayi. Me aka ba ka?"

"Ba a ba ni komai ba."

"Jomar. Me aka ba ka?"

Yau babu Kuya, wato yaya, a bakinta. Kowa a zauren ya lura, shi ma ya lura.

"Tafiya Vienna aka ba shi!" Mang Berting ya jefo daga baya, yana shafa fatar tamburinsa kamar ba shi ya yi magana ba. "Na ji an ce sanyi ake yi a can sosai. Ka nemi rigar kirki, yaro."

"Berting!" Maestro ya buga sandarsa a kan ma'ajiyar takardu. "Ka iya bakinka ko ka fita."

"Na yi shiru, Maestro. Ganga ce ta amsa, ba ni ba."

Norhata ta ci gaba da kallon Jomar har sai da kunnuwansa suka yi ja. Sannan ta juya masa baya. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, amma yau ba ta da lokacin maratayi. Ta taka har gaban dandamali ta ɗaga kai.

"Maestro, kiɗana ne. Me ya sa ba a tambaye ni ba?"

"Saboda na san amsarki." Ya sauko mataki ɗaya, ya cire tabarau. "Saurara, iha. Shekarata talatin da wani abu a kan dandamalin nan. Tagullarki tana da kyau, ban ce ba ta da shi ba. Amma muryarta ba ta kan hanya. Ba ta kan farin haƙorin fiyano, ba ta kan baƙi, a cikin tsagar da ke tsakaninsu ta faɗa. Ko'ina a duniya, mai algaita ne ke ba da murya, kowa ya saita kayansa a kai. Ke kuma kin ce mutum saba'in su bar algaita su bi tukwanen kakarki."

"Haka na rubuta. Haka kuma kuka karɓa."

"A takarda komai mai yiwuwa ne. Ran Asabar 'yan jarida za su zo. Jakadu za su zo. Ba za su ce yarinya ta kawo sabon abu ba, cewa za su yi Villaflor ya tsufa, makaɗansa sun kasa saita goge."

"Ashe ba kunnen jama'a kake ji wa ba. Sunanka kake ji wa."

Har masu gyara zama suka fasa.

"Ku kuka buga sanarwa," ta ci gaba, "kuka ce kuna neman matasa masu sabon kiɗa. To ga sabon kiɗa ya zo. In kiɗa ya canza, Maestro, ai rawa ce ke canzawa. Ba a kama makaɗi a karya masa hannu don ya dace da tsohuwar rawa."

Maestro ya mayar da tabaransa. Da ya sake magana, babu iha, babu lallashi.

"Ke har kin yi girman da za ki koya min rawa? To bari in taimake ki da gaskiya, tunda ita kike so a gaban mutane. Kin san dalilin da ya sa aka ɗauke ki?"

Ya nuna ta da sandarsa.

"Masu ba mu tallafi suka ce bana suna son fuska daga Kudu. Shi ke nan. Ki fita ki dubi ƙyallen tallan da ke rataye a bakin titi, ki ga hoton wa aka sa a tsakiya. Mayafi yana kyau a hoto. An ba ki kujera a teburin manya, ki ci abin da aka zuba miki ki yi godiya."

Maganar ta same ta inda ba ta da garkuwa.

Domin ba yau ta fara jinta ba. Ita da kanta ta sha faɗa wa kanta, a cikin motar haya, a layin wanka na gidan da take haya, duk ranar da mai ɗaukar hoto ya ce ta ɗan gyara mayafi ta yi murmushi alhali sauran biyun ana tambayarsu yadda suka tsara kiɗansu. Ta sha tambayar kanta, aikina suka ji ko kaina suka gani? Yanzu ga mai gidan da kansa ya ba ta amsa.

Idonta ya kawo ruwa. Ta cije leɓe har ta ji gishiri. Ko za ta mutu ba za ta zubar da shi a gabansa ba.

"Renato."

Daga kujerar farko ta hannun hagunsa muryar ta fito. Ate Ning, shugabar masu goge, mace mai furfura da ɗan ƙaramin jiki, wadda tare suka shigo ƙungiyar da Maestro suna samari da 'yan mata. Ita kaɗai ke kiran Maestro da sunansa tsirara, shi ma sai in su biyu ne. Ta kwantar da gogenta a cinya a hankali, kamar jariri.

"Ning, ba ruwanki."

"Da ruwana. Ina cikin waɗanda suka yi zaɓen, ko ka manta? Na yi shiru da ka canza lokacin gwaji. Na yi shiru da na ga yaron nan a kan fiyano, Allah ya yafe min. Amma wannan ƙaryar ba za ta wuce ta gabana ba."

"Abin da aka yi a ɗakin zaɓe sirri ne."

"Kai ka fara buɗe shi."

Ta juyo ga Norhata.

"Ƙanwata, saurare ni da kyau. Ranar da muka zauna zaɓe babu suna, babu hoto, babu gari. Lamba kawai aka sa wa kowane aiki. Muka wuni muna saurare har kunnuwanmu suka mutu. Da aka saka naki, ɗan guntun da kika ɗauka da waya ke da 'yan makarantarku, mutumin nan da kike gani ya miƙe tsaye. Ya ce a maimaita. Aka maimaita. Ya cire tabarau ya goge ido da bayan hannu."

"Ning!"

"Ya ce, wannan ɗalibina ne. Na san Jomar ya je Kudu hutun bara, na san hannunsa, ni na koya masa wannan ƙarfin halin. Ya ce yaron da ya iya sa goge ya durƙusa wa tagulla, shi ne gobenmu. Ya ba aikin makin da bai taɓa ba kowa ba."

Jomar ya ɗago kai a karon farko, baki buɗe.

"Da aka buɗe sunaye," Ate Ning ta ce, "aka ga Norhata Guiamalon, daga Cotabato, ɗalibar wani malami da ba wanda ya taɓa jin sunansa a nan, sai ya ce a sake duba lambobin, wataƙila an yi kuskure."

"Kai!" in ji Mang Berting. "Ashe tagullar ba ta karkace ba sai da aka ga mai ita."

Wannan karon ba wanda ya ɓoye dariyarsa, ba kuma wanda ya ji daɗinta. Guna-guni ya bi layin masu goge ya gangara har wajen masu kakaki. Fuskar Maestro ta yi jawur tun daga wuya har goshi.

Norhata ta ji wani abu da ya daɗe a danne a ƙirjinta ya ɗaga. Ta sa gefen mayafinta ta share ido, sau ɗaya. Ta dube shi.

"Ashe ka ji shi, Maestro."

Ya kawar da kai gefe.

"Ka ji shi da kunnenka, ya shige ka. Da a ce ba ka gane ba ne, da na yi maka uzuri. To ni ma ga tawa gaskiyar a gaban mutane. Ba zan ci abin da aka zuba min ba, ni na zo da tukunyata. Ko a kaɗa shi yadda na rubuta, da tagullar kakata Apu, ko a cire sunana a cire kiɗana, a sauke hotona daga bakin titi a shimfiɗa wa masu sayar da mangwaro."

"Kin san abin da kike jefarwa? Matasa nawa ne a ƙasar nan za su sayar da ƙodarsu don gurbin nan?"

"Su sayar. Tawa ba ta kasuwa ba ce."

"In kika fita daga hannuna, babu ƙungiyar da za ta sake buɗe takardarki daga nan har Singapore. Waya ɗaya zan buga."

"Ka buga biyu. A bukukuwan aure na fara kiɗa, kuma har gobe ana aure a Cotabato."

Ate Ning ta ɗauki gogenta ta kafa a ƙarƙashin haɓa.

"Maganar ta isa haka. Mu makaɗa ne, kunne ke raba mana gardama. Ƙanwata, je ki ba mu muryar. Mu ji ko za mu iya binta."

"Ban ba da izini ba," in ji Maestro.

"Saita goge aikina ne, Renato, ba naka ba. Kai sai mun gama kake ɗaga sanda."

Mai algaita ya dubi Maestro, ya dubi Ate Ning. A hankali ya sauke algaitarsa ya ɗora a gwiwa.

Norhata ta nufi kusurwar da aka tura kulintang ɗin, bayan tamburan Mang Berting, a lulluɓe da zanen kakarta mai ruwan goro. Ta san wanda za ta buga. Na uku.

Lokacin yaƙi, da aka ce kowa ya bar ƙauye, kakarta Apu Salimbai ba ta iya ɗaukar tagulla da 'ya'ya a lokaci guda ba. Ta binne kugen nan a cikin lakar gonar shinkafa ta gudu da goyo. Da aka dawo ta tono su, bakwai suka tashi da muryarsu, na ukun ya tashi da wata 'yar dishewa, ya ɗan sauka ƙasa da inda yake a da. Maƙera sun sha cewa ta kawo su daidaita shi. Apu ta ce a'a, wanda ya kwana a laka ba ya magana irin ta wanda ya kwana a katifa, a bar shi ya faɗi abin da ya gani. Har ta rasu ba ta bari guduma ta kusance shi ba. A kan wannan disasshiyar muryar Norhata ta gina kiɗanta tun daga farko har ƙarshe.

Ta kama bakin zanen ta yaye.

Hannunta ya tsaya a sama.

Ɗaya. Biyu. Sai igiyoyi biyu a miƙe, babu komai a kansu. Sannan na huɗu.

Ta duba ƙarƙashin katakon. Ta duba bayan tambura. Ta zazzage zanen kamar kugen tagulla zai iya maƙalewa a cikinsa.

"Ina na ukun?"

Ta juya wajen mai tambura.

"Mang Berting, ina na ukun?"

"Na rantse da kabarin uwata a lulluɓe na same su, 'yata. Ban ɗaga ba."

Ta juyo. Maestro yana gyara takardun gabansa, yana daidaita gefensu da tafin hannu.

"Gata na yi miki," ya ce, bai ɗago ba. "Fiyanon na wucin gadi ne. Na ce a gwada ɗaya, wanda ya fi karkacewa. In maƙerin ya iya dawo da shi kan hanya sai a kai sauran, ki kaɗa tagullarki ran Asabar, kowa ya huta."

"Wane maƙeri?"

Maestro ya ci gaba da gyara takardunsa.

"WANE MAƘERI?"

"Wani ne a unguwar Quiapo." Muryar Jomar ce, can ƙasa kamar daga rijiya. "Mai gyaran ƙararrawar coci. Ni... ni na kai masa da safe. Ya ce yana da aiki a gabansa, in ya gama zai duba."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ate Ning ta yi alamar gicciye a ƙirjinta.

Norhata ta yar da zanen a kan sauran tagullar, ta nufi ƙofa. Ba gudu take ba, amma masu goge suka riƙa janye ƙafafunsu suna ba ta hanya.

"Norhata Guiamalon!" Maestro ya ɗaga murya, karon farko da ya taɓa kiran cikakken sunanta. "Gwaji ake yi. Dokar gidan nan kin sa mata hannu. In kika taka bakin ƙofar nan ba da izinina ba, kin fita daga shirin. Babu Asabar, babu gurbi, babu komai."

Ta tsaya, hannunta a kan mariƙin ƙofa. Ta waiwayo.

"Riƙe gurbinka, Maestro. Ka ba wanda ya iya durƙuso."

Ta murɗa.

A bayanta ta ji an tura kujera. Ate Ning ce ta miƙe, tana saka gogenta a akwati. Wata kujerar ta yi ƙara. Sannan wata. Mai algaita ya tashi. Mang Berting yana lalube a aljihu yana cewa, "Motata tana ƙasa, tsohuwa ce amma ta san Quiapo, ruwa ba ya tsorata ta."

"Ku zauna!" Maestro ya buga sanda. "Na ce ku zauna!"

Sai wayar Jomar ta yi ƙara.

A kan fiyano take, tana rawa a kan baƙin katakon. Jomar ya leƙa fuskarta, jini ya bar fuskarsa.

"Maƙerin ne," ya ce.

Kafin ya miƙa hannu Norhata ta iso ta fizge ta. Ta danna, ta kara a kunne.

"Kada ka taɓa shi! Don girman Allah, kada ka..."

Mutumin bai fara magana ba tukuna. Abin da ta fara ji, daga can bayansa, ƙarar guduma ce a kan tagulla.